Annabi Ezekiyel a Bautar Babila: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa sun taɓa jin labarin kwarin da ke cike da busassun ƙasusuwa, amma kaɗan ne suka san mutumin da ya ga wannan wahayi da irin wuyar da ya sha kafin ya kai gare shi. Abin da aka sani game da rayuwarsa kusan duka daga littafinsa ya fito, wanda yake cikin littattafan annabawa na Yahudawa da kuma Tsohon Alkawari na Kirista. Shekarun da za a ambata a nan na kafin miladiyya ne, sai inda aka bayyana akasin haka.

Wane ne Ezekiyel?

Ɗan Buzi ne, daga gidan firistoci, wato zuriyar da ke hidimar hadaya a Haikalin da Annabi Sulaiman ya gina a Urushalima, birnin da muke kira Ƙudus. A littattafan Larabci Hizkil ake ce masa. An kwashe shi zuwa Babila a shekarar 597, ya fara annabci a 593, kwanan wata na ƙarshe da ke cikin littafinsa kuma ya faɗa a 571. Ke nan ya yi aƙalla shekara 22 yana isar da saƙo, duk a baƙuwar ƙasa. Yana da mata, yana da gida inda dattawan jama'arsa ke zuwa su zauna a gabansa. Littafin nasa babi 48 ne, kuma fiye da sau 90 ana kiransa "ɗan mutum" a ciki, ba a cika kiran sunansa ba.

Me ya kai shi Babila?

Yahuza ƙaramar masarauta ce da ta samu kanta tsakanin manyan dauloli biyu, Masar da Babila. A 605 Nebukadnezzar na Babila ya murƙushe rundunar Masar a Karkemish, daga nan yankin ya koma hannunsa. Sarki Yehoyakim na Yahuza ya yi ta biyan haraji na wasu shekaru, sai ya yi tawaye. Kafin hukuncin ya iso ya mutu, ya bar wa ɗansa Yehoyakin, matashi mai shekara 18, rigimar da ba shi ya tono ba. Wata uku kawai yaron ya yi a kan karaga ya miƙa wuya.

Babiloniyawa da kansu sun rubuta wannan a allon yumɓu, wanda yanzu yake gidan adana kayan tarihi na Birtaniya a Landan. Allon ya ce an kama birnin, wato Urushalima, ran 2 ga watan Adar, wanda ya yi daidai da 16 ga Maris, 597. Aka tafi da sarki da mahaifiyarsa, da fadawa, da mayaƙa, da maƙera da sauran masu sana'a. Littafin Sarakuna na Biyu ya ce mutum 10,000 ne, Littafin Irmiya ya ce 3,023, masana da yawa kuma suna ganin Irmiya maza manya kaɗai ya ƙirga. Aka naɗa baffan sarkin, Zedekiya, ya riƙe abin da ya rage. A wannan karon ba a rushe birnin ba, Haikali ma yana tsaye. Wannan yana da muhimmanci, domin shi ya sa waɗanda aka kwashe suka riƙa cewa kwana kaɗan ne za a koma gida.

Cikin sarƙa aka ajiye su?

A'a. An zaunar da su ne a ƙauyuka, aka ba su gonaki su noma su biya haraji. Ezekiyel ya zauna tare da mutanen Tel-abib a bakin Kebar, wata babbar hanyar ruwa ta ban ruwa a kusa da tsohon birnin Nippur, a kudancin Iraƙi ta yau. Masu tonon tarihi na Jamus sun samo alluna a fadar Babila da ke lissafin rabon man da ake bai wa Yehoyakin sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. An kuma samu wasu alluna kimanin 200 daga wani ƙauye da ake kira Al-Yahudu, wato garin Yahuza, mafi tsufansu na shekarar 572, suna nuna hayar gona, bashi da aure. Annabi Irmiya ma, wanda ya saura a Urushalima, ya aika musu da wasiƙa cewa su gina gidaje, su dasa lambuna, su aurar da 'ya'yansu, domin zaman zai yi tsawo.

Ciwon nasu a zuci yake. A tunanin mutanen zamanin, kowane abin bauta da ƙasarsa, kuma in aka ci wata al'umma da yaƙi to abin bautarta aka ci. Ga mutane nan da aka raba da wurin hadayarsu, suna zaune a ƙasar da gumakanta ke da manyan ɗakuna. Shin Ubangijinsu ya gaza ne? Ko ya yashe su? Ana ma iya kiransa daga nan ya ji? Duk littafin Ezekiyel amsar waɗannan tambayoyi ne.

Yaya aka kira shi annabci?

Littafin ya buɗe da cewa a shekara ta 30, yana bakin Kebar, sammai suka buɗe. Masu sharhi da dama sun fahimci cewa shekarunsa ake nufi. In haka ne, abin akwai taɓa zuciya, don a Attaura shekara 30 ce lokacin da Lawiyawa, ƙabilar da firistoci suka fito daga cikinta, ke kama hidima a wuri mai tsarki. Shekarar da ya kamata ya shiga aikin da aka rene shi dominsa tun yana yaro, ita ce ta same shi a bakin magudanar ruwa, ɗaruruwan kilomita daga Haikali.

Ya ga guguwa ta taso daga arewa da gajimare mai walƙiya. A ciki akwai halittu huɗu, kowace da fukafukai huɗu da fuskoki huɗu: ta mutum, ta zaki, ta sa, ta gaggafa. Gefen kowace akwai ƙafa irin ta karusa, wata cikin wata, da'irarsu cike da idanu, suna tafiya kowace fuska ba tare da sun juya ba. A samansu wani sarari mai ƙyalli, a kan sararin kuma wani abu mai kama da kursiyi. Mai karatu zai lura da yadda Ezekiyel ke taka-tsantsan da harshensa. Ba ya cewa ya ga kaza, sai ya ce mai kama da kaza, kamannin kaza. Mutum ne da ya san abin da ya gani ya fi ƙarfin bakinsa.

Mutane sun ɓata lokaci mai yawa suna ƙoƙarin zana waɗannan ƙafafu, har wasu a zamaninmu suka ce jirgin sararin samaniya ne. A ganina ma'anar a fili take ga wanda aka raba da ƙasarsa: ikon Ubangiji ba a ɗaure yake a Urushalima ba, ya iske bayinsa har Babila. Bayan haka aka miƙa masa naɗaɗɗiyar takarda, rubuce ciki da baya da makoki da kuka, aka ce ya ci. Ya ci, ya ji ta da zaƙi kamar zuma. Ya koma cikin mutanensa ya zauna kwana bakwai a ruɗe, bai ce uffan ba.

Me ya sa ya riƙa yin abubuwan da suka yi kama da na mai taɓin hankali?

Saboda mutanen sun daina jin magana, sai aka nuna musu da ido. Ya ɗauki tubali ya zana Urushalima a kai, ya kewaye shi da sansanin yaƙi, ya kafa farantin ƙarfe tsakaninsa da birnin. Ya kwanta ta gefen hagu kwana 390 saboda laifin Isra'ila, masarautar 'yan'uwansu ta arewa, ta gefen dama kwana 40 saboda na Yahuza. Abincinsa a lokacin gurasa ce ta haɗe-haɗe, alkama da sha'ir da wake da gero da wasu iri biyu, irin abin da ake yi in an karkaɗe gindin rumbu. Awonta shekel 20 a yini, wajen giram 230, ruwan shansa kuma bai kai lita ɗaya ba. Haka mutanen birnin za su ci su sha in an kewaye su.

A nan ne aka ga halinsa na ɗan gidan firistoci. An umarce shi ya gasa gurasar da kashin mutum, ya yi kuka ya ce tun yana yaro bai taɓa sa abin ƙazanta a bakinsa ba. Aka sassauta masa ya yi da kashin shanu. Wata rana ya aske gashin kansa da gemunsa da takobi, ya auna a ma'auni ya kasa uku: kashi ɗaya ya ƙone, ɗaya ya sassare, ɗaya ya watsa wa iska, ya ƙulle 'yan silai kaɗan a bakin rigarsa. Wata rana kuma ya ɗaure kayansa da rana tsaka, da yamma ya huda bangon gidansa da hannu ya fita da kayan a kafaɗa, fuska a rufe. Da maƙwabta suka tambaya, ya ce haka sarkin da ke Urushalima zai gudu. Zedekiya kuwa da dare ya fice daga birnin, aka kama shi kusa da Yariko, aka yanka 'ya'yansa a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu.

Wasu masu nazari a ƙarni na 20 na miladiyya sun ce ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama shi. Wannan hukunci ya yi gaggawa. Littafin tsararre ne, da kwanakin wata jere da juna, kowace alama kuma da fassararta a gefe.

Gaskiya ne matarsa ta rasu aka hana shi makoki?

Haka babi na 24 ya faɗa, kuma babu wuri mai nauyi kamarsa a littafin. An gaya masa za a ɗauke abin da idonsa ya fi so farat ɗaya, kada ya yi kuka a fili, kada ya cire rawani, kada ya tuɓe takalmi, kada ya ci abincin da ake kawo wa masu makoki. Ya yi wa jama'a magana da safe, da yamma matar ta rasu, washegari ya yi yadda aka ce. Bai ƙara kalma ɗaya game da zuciyarsa ba. Saƙon shi ne Haikali, abin alfaharinsu, zai faɗi, 'ya'yan da suka baro a gida za su mutu, kuma masifar za ta wuce a yi mata zaman makoki.

Tun farkon kiransa an ɗaure masa harshe, ba ya magana sai in an ba shi saƙo. Urushalima ta faɗi a 587 ko 586, aka ƙone Haikali. Watanni bayan haka wani da ya tsira ya iso ya ce an ci birnin. A lokacin bakinsa ya buɗe, daga nan kuma maganarsa ta juya daga gargaɗi zuwa ƙarfafa gwiwa.

Wane laifi ya ce mutanensa sun yi?

A 592, dattawa na zaune a gidansa, aka kai shi Urushalima cikin wahayi. Ya ga dattawa 70 suna ƙona turare ga zanen dabbobi a ɗaki mai duhu, ya ga mata suna kukan gunkin Tammuz, ya ga maza wajen 25 sun juya wa Haikali baya suna yi wa rana sujada. Sai ya ga ɗaukakar Ubangiji ta tashi a hankali, daga bakin ƙofa zuwa ƙofar gabas, daga can zuwa dutsen da ke gabashin birnin. Kafin Babiloniyawa su sa wuta, mai gidan ya riga ya bar gidan.

Bai tsaya kan gumaka ba. Ya lissafa cin hanci don a zubar da jini, riba a kan bashi, zaluntar baƙo da maraya da gwauruwa. Da ya zo kan Saduma, garin mutanen Annabi Luɗu, laifin da ya fara ambata shi ne girman kai da ƙoshi da jin daɗi ba tare da an taimaki matalauci ba. A babi na 34 ya fuskanci shugabanni, ya kira su makiyayan da ke shan nono suna yanka masu ƙiba, ba su yi wa marar lafiya magani ba, ba su nemo wadda ta ɓace ba. Babi na 16 da na 23, inda ya kwatanta Urushalima da mace mai cin amanar aure, suna da kaushi ƙwarai, kuma masu karatu da yawa suna jin nauyinsu har yau.

To mene ne zuciyar saƙonsa?

A wurina babi na 18 ne. Mutanen suna da karin magana: iyaye sun ci 'ya'yan inabi masu tsami, haƙoran 'ya'ya suka mutu. Ma'ana, kakanni suka yi laifi, mu ke biya, don haka babu amfanin gyara. Magana ce mai daɗin faɗi ga wanda ke cikin wahala, domin tana wanke shi tana kuma ba shi dalilin naɗe hannu. Ezekiyel ya ce a daina faɗinta. Ya kawo misalin mutum adali, da ɗansa ɗan fashi, da jikansa da ya ga aikin ubansa ya ƙi bi. Kowannensu da nasa hisabin. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Wani zai ga wannan tsanani ne, amma akwai rahama a ciki. In laifin uba ba ya ɗaure ɗa, to jiyan mutum ma ba ta ɗaure yau ɗinsa. Mugu da ya tuba zai rayu, ba za a tuna masa da abin da ya wuce ba. Ubangiji ya ce ba ya jin daɗin mutuwar mugu, ya fi son ya juyo ya rayu. Annabin kansa bai kuɓuta daga wannan ƙa'ida ba, don an sa shi mai tsaro a kan garu: in ya hango takobi ya yi shiru, jinin mutane na wuyansa, in ya busa ƙaho aka ƙi ji, ya fita.

Daga baya ya ƙara wani abu. A babi na 18 an ce wa mutane su yi wa kansu sabuwar zuciya. A babi na 36 Ubangiji ya ce shi zai cire musu zuciyar dutse ya ba su ta nama. Littafin ya bar maganganun biyu gefe da gefe, umarni da kyauta.

Mece ce ma'anar kwarin busassun ƙasusuwa?

An ajiye shi a tsakiyar kwari cike da ƙasusuwa da suka bushe ƙayau, aka zagaya da shi, aka tambaye shi ko za su rayu. Ya ce, ya Ubangiji, kai ka sani. Aka ce ya yi musu annabci. Sai ya ji motsi, ƙashi na neman ɗan'uwansa, jijiyoyi suka fito, nama ya rufe, fata ta lulluɓe, amma babu numfashi. Ya sake kiran iska daga kusurwa huɗu, suka miƙe tsaye, runduna mai yawan gaske.

Littafin ya fassara wahayin da kansa: ƙasusuwan jama'ar Isra'ila ce, waɗanda ke cewa ƙasusuwanmu sun bushe, begenmu ya ƙare. Alkawarin farfaɗowar al'umma ne da komawa gida. Daga baya Yahudawa da Kirista sun karanta shi kuma a matsayin ishara ga tashin matattu. A majami'ar Yahudawa ta Dura-Europos a Siriya, wadda aka yi wa zane a tsakiyar ƙarni na 3 na miladiyya, an zana wannan wahayi a jikin bango.

Shi ne Annabi Zulkifli?

Alƙur'ani ya ambaci Zulkifli sau biyu, a Suratul Anbiya aya ta 85 da Suratu Sad aya ta 48, cikin masu haƙuri da zaɓaɓɓu, ba tare da ya ba da tarihinsa ba. Malaman tafsiri sun yi saɓani: wasu sun ce shi ne Hizkil, wasu sun ce ɗan Annabi Ayuba ne, wasu sun ce mutumin kirki ne da ya ɗauki alkawari ya cika. Sunan Hizkil yana fitowa kuma a tafsirin Suratul Baƙara aya ta 243, labarin dubban mutanen da suka bar gidajensu don tsoron mutuwa, Allah ya kashe su sannan ya rayar da su. Ɗabari da Ibn Kasir sun kawo ruwayoyin da ke cewa Hizkil ne annabin da ya bi ta kan ƙasusuwansu. Ruwayoyi ne na masu tafsiri, ayar ba ta faɗi suna ba.

Gog da Magog fa, su ne Yajuju da Majuju?

Sunayen asalinsu ɗaya, amma labarin ya bambanta. A babi na 38 da 39, Gog shugaba ne daga ƙasar Magog a can arewa mai nisa, wanda zai tara al'ummai ya auka wa mutanen da suka dawo suka zauna lafiya, a hallaka shi a kan duwatsu. Babu zancen katangar Zulƙarnaini a ciki. Kusan kowane zamani an samu masu liƙa sunan Gog ga daular da suke tsoro, zamanin ya wuce, a nemi wata.

Akwai annabcinsa da bai cika yadda aka zata ba?

Akwai wanda littafin da kansa ya dawo kansa. Ezekiyel ya ce Nebukadnezzar zai rushe Taya, birnin fatauci da ke kan tsibiri a gaɓar Lebanon. Masanin tarihi Yusufus ya ce an yi shekara 13 ana kewaye da birnin. A saƙon shekarar 571 sai ga Ezekiyel yana cewa sojojin Babila sun yi aiki har kawuna sun yi sanƙo, kafaɗu sun saɓule, amma ba su samu ladan wahalarsu daga Taya ba. Ba a goge saƙon farko ba, ba a ɓoye na biyu ba. Sai a 332 ne Iskandari Mai Girma ya cike teku ya ci tsibirin.

Mutane sun saurare shi?

Sun cika gidansa, amma aikatawa ce ta gagara. Babi na 33 ya ce suna zancensa a gindin bango da bakin ƙofofi, suna gayyatar juna, ya zame musu kamar mawaƙi mai daɗin murya wanda ya iya kiɗa.

Ya koma gida? An gina Haikalin da ya gani?

Littafin bai ba da labarin rasuwarsa ko komawarsa ba. Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, ya ba da izinin komawa, aka gama Haikali na biyu wajen 515, amma ba bisa fasalin sabon Haikalin da aka nuna masa cikin wahayi a babi na 40 zuwa 48 ba. A wancan wahayi na shekarar 573 an auna kowace ƙofa da kowane ɗaki, ɗaukakar da ta fita ta gabas ta dawo ta gabas, ruwa ya ɓuɓɓugo daga ƙarƙashin ƙofa, ya kai idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, har ya zama kogin da ya gyara Tekun Gishiri. A rabon ƙasa kuma aka ce a ba baƙon da ke zaune cikinsu gado kamar haifaffen gida, magana daga bakin wanda ya san zaman baƙunci. Wasu dokokin wannan sashe sun bambanta da na Attaura, har Talmud, kundin koyarwar malaman Yahudawa, ya ruwaito cewa an so a janye littafin daga karatu, sai wani malami, Hananiya ɗan Hezekiya, ya ƙona tulun mai 300 a fitila yana daidaita su.

Kabarin da ake danganta masa yana garin Al-Kifl a Iraƙi, tsakanin Hilla da Najaf. Yahudawan Iraƙi sun yi ƙarnoni suna ziyartarsa har zuwa ficewar yawancinsu a 1950 da 1951 na miladiyya, Musulmi kuma suna ziyartarsa a matsayin kabarin Zulkifli.

Wanda yake son karantawa, daga ina zai fara?

Ya karanta babi na 1 zuwa 3 don ya ga kiran, ya tsallaka zuwa 18 da 24, sannan 33, 34, 36 da 37. In ya riƙe waɗannan, sai ya koma 8 zuwa 11 ya haɗa su da 43 da 47, domin ɗaya fitar ɗaukakar ce ɗaya dawowarta. Babin al'ummai, 25 zuwa 32, da awon gini na 40 zuwa 42 sun fi daɗin bi in akwai taswira a kusa, don haka a bar su zuwa zagaye na biyu.